Jinin da ya saɓa wa al'ada: yadda ake bin sawunsa har a gano dalili

Idan jini ya ƙi ɗaukewa, tambayar farko da yawancin matanmu ke yi ta sallah ce: in yi wanka ko in jira? Malam yana da amsa. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, jinin biƙi ba ya wuce kwana 60, abin da ya haura nan jinin ciwo ne, mace ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Faɗimatu 'yar Abu Hubaishi ta kai irin wannan kuka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mata wannan jijiya ce, ba haila ba ce. To, amsar malam ta warware batun ibada. Amma sunan da aka ba jinin, jinin ciwo, ya bar wata tambaya a buɗe: wane ciwo? Nan ne mata da yawa ke tsayawa, su shekara suna zuba, suna shan jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis a kan "ciwon sanyi", har jini ya ƙare a jiki.

Zubar jini alama ce kawai, kuma abubuwan da ke kawo ta sun fi goma. Binciken yana da tsari, abu na bin abu. Macen da ta san tsarin za ta gane in an tsallake mata wani mataki, ta kuma iya tambaya.

Mataki na ɗaya: ki tabbatar ko jinin ya fita daga ƙa'ida

Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta tsayar da ma'auni a 2011 ta kuma gyara shi a 2018. Ana ƙirga tsakanin al'ada da al'ada daga ranar farko ta wannan zuwa ranar farko ta mai zuwa, ba daga ranar wanka ba. Lafiyayyen tsakani shi ne kwana 24 zuwa 38. Jinin kansa kada ya wuce kwana 8. Bambanci tsakanin wata mafi gajarta da mafi tsawo kada ya wuce kamar kwana 7 zuwa 9.

Yawan jini shi ne mai wuyar aunawa. A littattafan likitanci ana cewa mililita 80 a al'ada ɗaya, amma babu mai aunawa a gida. Ki duba waɗannan: kina canza auduga ko ƙunzugu kafin awa biyu saboda ya jiƙe sharkaf, kina haɗa biyu a lokaci ɗaya, kina tashi tsakar dare ki canza, jini na ɓata zani da zanen gado, ko kina fitar da gudaji masu faɗin da ya kai gaɓar babban yatsa. Idan al'ada na hana ki zuwa makaranta, kasuwa ko aiki, ta yi yawa, ko da mahaifiyarki ta ce haka tata take. Wannan magana ta "haka muke a gidanmu" ma shaida ce da likita ke son ji, za mu dawo kanta.

Akwai jini uku da ba a duba yawansu, ɗigo ɗaya ya isa dalilin zuwa asibiti: jini bayan saduwa da miji, jini bayan al'ada ta ɗauke shekara guda cur, da jini ga yarinyar da ba ta fara alamun balaga ba. Jinin da ke ɓullowa tsakanin al'ada biyu shi ma yana son bincike idan ya maimaita.

Mataki na biyu: ki raba na gaggawa da mai iya jira

Kada a jira gari ya waye idan mace na jiƙa auduga duk awa har awa biyu a jere, ko tana jiri in ta miƙe, zuciya na bugawa da sauri, tana haki, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko ta suma. Haka nan idan wata ya wuce ta, sannan jini ya zo tare da ciwon mara ta gefe ɗaya, ko ciwo a saman kafaɗa. Haka nan jini mai wari da zazzaɓi bayan haihuwa ko ɓari. A tafi asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini, a kuma tafi da 'yan uwan da za su iya ba da jini. Maigida, in kana karanta wannan, ka ba da izini tun yau cewa irin wannan rana ba sai an neme ka a waya ba.

Mataki na uku: gwajin ciki, kafin komai

Duk macen da ke shekarun haihuwa, gwajin ciki ake fara yi mata. Ɗan tsinken fitsari ne mai araha, minti biyar ya ba da amsa. Na san wannan na ɓata wa wasu rai, musamman uwar budurwa ko bazawara, su ɗauka zargi ne. Ba zargi ba ne, ƙa'idar aiki ce, kowa ake yi wa. Mai shayarwa ma ana yi mata, don ƙwai na iya fita kafin ta ga al'adar farko bayan haihuwa. Mai allurar tazarar haihuwa ma haka.

Dalilin wannan tsanani shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Yakan zo da ɗan jini baƙi-baƙi kaɗan, mace ta ɗauka al'ada ce ta makara, alhali bututun na shirin fashewa, jinin gaske yana taruwa a cikin ciki inda ido ba ya gani. Ɓarin da bai fita duka ba shi ma yana sa zuba na makonni. Akwai kuma cikin da ba ɗa a ciki sai ƙulle-ƙullen ruwa, wanda ke buƙatar wankin ciki da bibiyar gwajin jini na watanni bayan haka. Idan gwaji ya nuna ciki, hanyar bincike ta canza gaba ɗaya, a yi hoto a ga inda cikin yake.

Mataki na huɗu: ki shirya labarinki

Rabin gano ciwon nan daga bakinki yake fitowa. Layi a asibitin gwamnati dogo ne, likita na da 'yan mintoci, don haka ki zo da rubutu. Ki sami takarda ko kalandar waya ki riƙa sa ranar da jini ya fara, ranar da ya ɗauke, auduga nawa a yini, da ranakun gudaji ko ciwo. Wata uku ya fi kyau, amma kada ki fasa zuwa don ba ki cika ukun ba. Mai lissafi da watan Musulunci ta rubuta da shi, ba matsala, muddin ranakun sun fito.

Ki zo da duk maganin da kike sha cikin leda, har da na gargajiya da na matsi. Kada ki ɓoye tsarin iyali, ko da mijinki bai sani ba. Ki nemi ganin likita ke kaɗai ki faɗa masa. Allurar wata uku da ashanar hannu suna yawan kawo ɗige-ɗigen jini, musamman a watannin farko, robar mahaifa mai jan ƙarfe kuma tana ƙara yawan al'ada. Ƙwayar da ake sha kullum, in ana tsallake ta, jini na ɓallewa. Ƙwayar gaggawa irin Postinor tana rikita wata. Magungunan tsinka jini kamar warfarin, wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali, da tamoxifen da ake ba masu sankarar mama, duk suna cikin lissafi. Abin da ake cusawa a gaba da sunan gyaran jiki yana iya ƙona fata ya sa jini.

Ki kuma lura da kyau daga ina jinin yake. Basir na zubar da jini ta dubura, tsargiya da ciwon mafitsara na fitar da shi cikin fitsari, a ga ja a ƙunzugu a ɗora wa mahaifa.

Mataki na biyar: ki san abin da likita ke nema

FIGO ta kasa dalilan gida tara, likitoci na kiransu PALM-COEIN. Huɗu abubuwa ne da ake iya gani a hoto ko a madubin awo, biyar kuwa mahaifa na iya fitowa sumul a hoto alhali ga matsala.

Na farko cikin waɗanda ake gani shi ne tsiron nama a cikin mahaifa ko a bakinta, wanda ake kira folif. Ƙarami ne, yawanci ba sankara ba ne, yakan kawo jini tsakanin al'ada ko bayan saduwa. Na biyu adinomayosis, inda shimfiɗar cikin mahaifa ke kutsawa cikin tsokarta, mahaifa ta kumbura, al'ada ta zo da yawa da ciwon mara mai tsanani. An fi ganinsa ga matan da suka doshi 40 ko suka wuce, waɗanda suka haihu.

Na uku ƙarin mahaifa, faibiroid, kuma a nan zan ɗan tsaya. Ya fi yawa ga mata baƙar fata, yana kuma fito musu da wuri, don haka a garuruwanmu hoto kan nuna shi sosai. Matsalar ita ce da zarar mai hoto ya rubuta "faibiroid", kowa ya huta, an sami mai laifi. Alhali mata da yawa na ɗauke da shi ba tare da wata damuwa ba. Inda ya zauna ya fi girmansa muhimmanci. Ƙarami wanda ya turo kai cikin ramin mahaifa zai iya zubar da jini har a kai ga ƙarin jini, babba wanda ya tsiro ta waje kuma sai dai ya danne mafitsara, bai taɓa al'ada ba. Don haka ki tambaya: a wane ɓangare yake, kuma shi ne ke kawo jinin? Mace mai shekara 48 da faibiroid da jinin da ba shi da tsari har yanzu tana buƙatar a duba shimfiɗar mahaifarta. Samun ƙari ba ya hana samun wani abu tare da shi.

Na huɗu sankara da kaurin shimfiɗar mahaifa da ke iya zama sankara. Kusan 9 cikin 10 na masu sankarar cikin mahaifa da zubar jini suke fara ganewa, kuma wannan rahama ce, don tana bayyana da wuri lokacin da tiyata ke warkar da ita. Cikin matan da suka ga jini bayan ɗaukewar al'ada, kamar ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka ake samu da ita. Saura galibi bushewa ce da sirancewar fata saboda shekaru. Amma ba a gane wace ce ɗayar sai an bincika. Iyayenmu mata kan ce "al'ada ce ta dawo", wasu ma su ji kunyar faɗa wa 'ya'yansu. Al'adar da ta tafi shekara ba ta dawowa. Sankarar bakin mahaifa kuwa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya bayan ta mama, ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, kuma alamarta ta farko sau da yawa jini ne bayan saduwa ko ruwa mai wari. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta.

Cikin biyar ɗin da hoto ba ya nunawa, wanda ya fi yawa shi ne rashin fitar ƙwai a kan kari. Kowane wata sinadarin estirojin yana gina shimfiɗar mahaifa. Idan ƙwai ya fita, sai furojestaron ya zo ya tsayar da ginin ya daidaita shi, bayan kamar mako biyu shimfiɗar ta zube gaba ɗaya cikin tsari. Idan ƙwai bai fita ba, babu mai tsayarwa. Abin ya zama kamar bangon ƙasa da ake ta lafta wa yaɓe ba a bari ya kama ba: nan ya ɓantare yau, can ya ɓantare gobe. Shi ya sa mace kan yi wata biyu ko uku ba ta ga komai ba, sannan jini ya ɓalle mako uku. Wannan ya zama ruwan dare a shekarun farko na balaga da shekarun dab da ɗaukewar al'ada. Ciwon PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan kari, na kawo shi, tare da gashin haɓa, ƙuraje da wahalar samun ciki. Ƙiba na kawo shi, don kitse ma yana samar da estirojin. Matsalar tayirod, ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, da hauhawar sinadarin nono, da rama mai tsanani, duk suna iya hana ƙwai fita. Idan aka bar shi shekaru, shimfiɗar na yin kauri, daga nan ne haɗarin sankara ke shigowa.

Sai matsalar daskarewar jini. Yarinyar da tun al'adarta ta farko take zuba, tana yawan haɓo, dasashinta na jini, ko an cire mata haƙori jini ya ƙi tsayawa, kuma yayyenta da gwaggonninta haka suke, a yi tunanin ciwon von Willebrand, wanda ake gado. Cikin mata masu yawan jinin al'ada, fiye da ɗaya cikin goma na da shi, amma ba a cika nemansa ba. Ƙarancin ƙwayoyin da ke toshe rauni, da ciwon hanta ko ƙoda, su ma suna nan.

Ragowar ukun: shimfiɗar mahaifa da ba ta iya tsayar da jininta da kyau ko ta kamu da cuta, jinin da magani ko na'urar tsarin iyali suka jawo, da waɗanda ba su shiga ko'ina ba, kamar ɗan ramin da ke saura a tabon tiyatar haihuwa, inda jini ke maƙalewa ya riƙa fitowa baƙi-baƙi kwanaki bayan wanka.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: tsargiya ba ta tsaya ga fitsarin jini na yara maza ba. Macen da ta tashi tana wanki, wanka ko aikin shinkafa a kududdufi, dam ko magudanar noman rani, ƙwayayen tsutsar na iya zama a bakin mahaifarta su sa jini bayan saduwa da ƙaiƙayi. Ana yawan ɗaukarsa ciwon sanyi. Ki faɗa wa likita in kin yi rayuwa a irin wannan wuri.

Mataki na shida: dubawa

Za a auna hawan jini da bugun zuciya, a duba ido da tafin hannu, a taɓa wuya da ciki. Sannan a sa ƙarfen buɗawa a leƙa bakin mahaifa. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, wani lokaci don kunyar mace, wani lokaci don gaggawar ma'aikaci, kuma tsallake shi na cin rai. Hoto ba ya ganin farkon sankarar bakin mahaifa, ido ne ke gani. Kina da haƙƙin neman mace ta duba ki, ko wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin. Kasancewar kina jini a ranar ba ya hana a leƙa. Idan bakin mahaifa ya yi kyau a ido, a yi gwajin Pap, wato a ɗan gogo bakin mahaifa a kai awo, ko na HPV, ko na shafa ruwan tsami da ake yi a asibitoci da dama. Idan kuwa an ga gyambo ko tsiro, ba gwajin Pap ake tsayawa yi ba, ɗan nama ake ɗiba a kai ɗakin awo.

Budurwar da ba ta taɓa aure ba, ba a sa mata ƙarfe. Iyaye su kwantar da hankali, labari da gwajin jini da hoton saman ciki sun wadatar a mafi yawan lokuta.

Mataki na bakwai: gwajin jini

Cikakken ƙirgen jini ake so, ba PCV, wato awon yawan jini, kaɗai ba, don ya nuna har ƙwayoyin toshe rauni. Himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, in ya yi ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki ƙarancin jini ne. Gwajin feritin na nuna ko ma'ajiyar sinadarin ƙarfe ta ƙare tun kafin jinin ya faɗi. Mai kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara sau da yawa abin da ke damunta ke nan. Sauran gwaje-gwaje, na tayirod, na sinadarin nono, na daskarewar jini, na cututtukan saduwa, labarinki ne zai nuna wanda ya dace. Doguwar takardar "gwajin homon", wato na sinadarai irin su estirojin, mai tsada ba kowa ke buƙatarta ba, kuma ga macen da al'adarta ke zuwa a kan kari sai dai yawa, da wuya ta ƙara wani haske.

Mataki na takwas: hoto

Hoton da ake yi ta gaba da siririn sanda ya fi na saman ciki nuna shimfiɗar mahaifa da ƙwai nesa ba kusa ba. Na saman ciki sai mafitsara ta cika, shi ya sa ake cewa ki sha ruwa. Na gaba kuwa sai kin yi fitsari. Lokaci mafi kyau shi ne 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, sa'ad da shimfiɗa take siririya. Ga wadda al'ada ta ɗauke mata, idan kaurin shimfiɗar bai wuce milimita 4 ba, haɗarin sankara kaɗan ne ƙwarai. Idan ya wuce, ko jinin ya sake dawowa, sai an ɗebi nama. Wannan ma'auni ba ya aiki ga mai al'ada, don tata shimfiɗar na kauri da sirancewa kowane wata. Idan ana zargin folif ko faibiroid na cikin rami, ana iya zuba ruwan gishiri a mahaifa a sake hoton, ko a shiga da siririyar kyamara, wadda ke ba da damar gani da cirewa a zama ɗaya. An fi samun kyamarar a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin kuɗi.

Ki guji zuwa shagon hoto da kanki, ki karɓi takarda, ki wuce kemis da ita. Mai hoto yana rubuta abin da ya gani ne, wanda ya ji labarinki ya duba ki shi ne zai haɗa su.

Mataki na tara: ɗibar naman shimfiɗar mahaifa

Ana yi wa mai shekara 45 zuwa sama da ke zubar jini ba bisa ƙa'ida ba, da wadda ba ta kai ba amma tana da ƙiba, PCOS, ciwon suga, dogon tarihin al'ada mai tsallake, 'yan uwa na jini masu sankarar mahaifa ko ta hanji, ko an yi mata magani jinin bai tsaya ba. Da siririn bututun roba ake zuƙo ɗan nama, 'yan mintoci ne, da murɗar mara kamar ta al'ada, ba sai an sa barci ba. A wurare da yawa da sirinjin wankin ciki ake yi.

A nan ake yawan asara. A yi wa mace wankin ciki, jini ya tsaya, a zubar da abin da aka ciro, kowa ya koma gida. Bayan wata uku jini ya dawo, ba wanda ya san me ke ciki. Kafin a fara, ki tambaya ko za a kai naman ɗakin awo. A kwalba mai ruwan fomalin ake sa shi, da sunanki a jiki, kuma sau da yawa 'yan uwa ake ba su kai babban asibiti da kansu. Sakamakon kan ɗauki makonni. Ki karɓi lambar rasit, ki koma ki karɓo, ki kai wa likitan da ya tura ki ko da jinin ya riga ya tsaya. Idan takardar ta ce naman bai isa a yi hukunci ba, wannan ba ya nufin lafiya lau. Sai an sake, ko a shiga da kyamara.

Idan an bi duk matakan nan ba a ga komai ba, kuma al'adarki na zuwa a kan kari sai dai yawa, to matsalar ta shimfiɗar mahaifa ce wajen tsayar da jini, kuma tana jin magani: akwai ƙwayar tranexamic acid da ake sha a kwanakin al'ada, akwai ƙwayoyin homon, akwai robar mahaifa mai sakin homon, tare da maganin ƙarin jini na aƙalla wata uku bayan jinin ya dawo daidai. Cire mahaifa ba shi ne farkon zance ba. Ki ci gaba da rubuta ranakunki, ki ajiye kwafin kowace takardar gwaji a leda ɗaya, kuma in salon jinin ya canza, ya fara zuwa tsakanin al'ada ko bayan saduwa, a sake binciken daga gwajin ciki.